Jan ƙarfen da ke cikin bangonmu, daga ina ya fito?

Da yawa daga cikinmu matasan Thamesmead mun shiga koyon aikin wutar lantarki, kuma duk wanda maigidansa ya taɓa aikensa sayen waya ya san kuɗinta sai hawa yake yi. Farashin kuwa a nan garinmu ake yanke shi, a kasuwar ƙarafa ta Landan da aka kafa a 1877, inda tan ɗaya na jan ƙarfe ya haura dala 11,000 a watan Mayun 2024. Iyayenmu a mundaye suka san shi, mu kuwa abincinmu ne.

To me ya sa ba a samunsa ko'ina? A jihar Arizona ta Amurka, wadda ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na jan ƙarfen ƙasar, masana suka nemi amsa, suka kuma wallafa binciken a mujallar Nature Geoscience a 2024.

Ɓawon duniya faifai-faifai ne masu motsi. Inda faifan ƙarƙashin teku ya haɗu da na tudu, yakan nutse ne a tsaitsaye zuwa can ciki. Amma kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, faifan da ake kira Farallon bai yi haka ba, kwanciya ya yi, yana gogar ƙasan nahiyar. Duwatsunsa sun sha ruwan teku, da zafi da nauyi suka matse su sai suka saki ruwan kai tsaye cikin gindin ɓawon da ke samansu.

Nan ne abin mamakin. Ruwa na rage zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke, kamar dai gishirin da ake watsa wa titunanmu da hunturu don ƙanƙara ta narke. Narkakken dutsen ya taso sama, yana hucewa yana fitar da tafasasshen ruwa mai ɗauke da jan ƙarfe da farar wuta. Ruwan ya tsattsaga duwatsu, ya bar kayansa cikin tsagar.

Kada mai karatu ya zaci dunƙule-dunƙule ake tsinta. A mahaƙa irin ta Morenci a Arizona, sai an niƙe dutse kilo 100 kafin a samu abin da bai kai kilo ɗaya ba. Tun da muka ji haka, ko guntun waya ba ma bari a shara.