Yadda Aka Gano Asirin Kurkunu

A da, in damina ta faɗi a ƙasar Hausa, ba kowane manomi ke samun fita gona ba. A kan tarad da ƙato yana zaune a gindin bishiya, ya miƙe ƙafa, ga kumburi a idon sawunsa, wani abu fari kamar zare yana leƙowa daga ciki. Abin nan shi ne kurkunu. Maƙwabta suna ta noma, shi kuwa ko ƙofar gida ba ya iya zuwa sai ya dogara sanda. Wani gidan ma ya kan kama maigida da mata da 'ya'ya gaba ɗaya, har a rasa mai ɗebo ruwa. Kafin su warke ciyawa ta ci gero, kaka ta zo ba abin sawa a rumbu. Don haka ne Dogon, waɗansu mutane na ƙasar Mali, su ke kiransa ciwon rumbu wayam. Yara ma ba su tsira ba, sau da yawa ɗan makaranta ya kan yi wata biyu bai taka aji ba.

Kurkunu dai tsutsa ce, siririya, tsawonta ya kan kai yadi guda. In za ta fito sai wurin ya yi ƙurji mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, ta leƙo. Ba a fizge ta, don in ta tsinke a ciki ƙafa ta kan kumbura ƙwarai, ta zama gyambo. Sai dai a nannaɗe ta a jikin ɗan tsinke, kullum a ja kaɗan, har ta fita duka. Wannan kuwa ya kan ci mako da makonni.

Mutane sun daɗe da sanin ciwon, amma ba su san mafarinsa ba. Waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu suka ce gado ne. Likitocin Larabawa na zamanin da sun sa masa suna jijiyar Madina, don waɗansunsu sun zaci jijiyar mutum ce ta lalace ta ke fitowa. Ba a ga laifinsu ba, gama abin da ke kawo ciwon ƙanƙane ne ainun, kuma tsakanin shigarsa jiki da fitowarsa shekara guda ce. Wane ne zai tuna da ruwan da ya sha bara?

Wajen shekarar 1870 wani masani Barashe, sunansa Fedchenko, yana bincike a ƙasar Turkistan, inda biranen Buhara da Samarkand su ke. Kurkunu ya yi yawa can a lokacin. Ya riƙa ɗebo ruwan tafkuna yana dubawa da madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu. A ciki akwai waɗansu 'yan ƙwari masu tsalle-tsalle, girmansu bai fi tsinin allura ba, su a ke kira ƙuman ruwa. Da ya duba cikinsu sai ya ga 'ya'yan kurkunu kwance, suna girma. Ya ce lalle ta nan ciwon ke bi ya shiga mutum.

Amma masu bincike ba su kan karɓi magana sai an gwada an gani. A 1905 wani likita Bature, Robert Leiper, ya zo Ankara a ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Ya tara ƙuman ruwa masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar, ya sa cikin abincin biri, birin ya ci. Bayan wata shida aka bincika jikin birin, sai ga kurkunu maza da mata sun fara girma. Daga nan magana ta tabbata.

Ga yadda abin ya ke. Mutum ya sha ruwan tafki, ya haɗiye ƙuman ruwa bai sani ba. Ƙuman su mutu a cikinsa, 'ya'yan tsutsar kuwa su fito da ransu, su huda hanji su shiga jiki. Can su ke girma su yi barbara. Namijin ƙarami ne, ya kan mutu, macen ita ce ke yin tsawo, ta cika da 'ya'ya, ta gangara a hankali zuwa ƙafa. Duk wannan lokaci mutum ba ya jin kome. Sai shekara ta kewayo ƙurji ya fito. Zafi ya dame shi, ya tafi tafki ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi, ko kuwa mace ta shiga da tulunta ta ɗebi ruwa. Abin da tsutsar ke jira ke nan. Da ta ji ruwa sai ta zubar da 'ya'ya dubu bisa dubu, ƙuman ruwa su haɗiye su. Bayan kamar mako biyu, duk wanda ya sha ruwan nan ya ɗauka. Ashe mutum guda ya isa ya ɓata wa gari ruwa. Dalilin da ya sa kuwa ciwon ke tashi da damina a ƙasashen Arewa, lokacin ne tafkuna da kududdufai ke cika, mutane su bar rijiya mai nisa su sha na kusa.

Abin mamaki, an san wannan duka, amma aka ƙara shekara tamanin ciwon yana nan. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, wanda ya taɓa yi kuma ya kan sake yi baɗi. Ga shi ciwo ne na mutanen karkara, can inda mota ba ta zuwa. Ba su cika kai shi asibiti ba, saboda haka ba a rubuta shi cikin littafin likita, hukuma kuwa abin da ta gani a rubuce shi ta ke wa aiki.

A 1986 aka kimanta masu kurkunu a duniya sun kai miliyan 3 da rabi a shekara, cikin ƙasashen Afirka da Asiya. A shekarar nan ne Jimmy Carter, wanda ya taɓa shugabancin Amurka, ya sa cibiyarsa ta shiga gaba wajen yaƙi da ciwon, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatocin ƙasashen. Aikin farko shi ne ƙidaya. A 1988 ma'aikata suka bazu cikin Nijeriya, ƙauye ƙauye, da kekuna da babura, wani wurin da ƙafa, suna tambaya suna rubutawa. Aka sami mutum fiye da 650,000 a ƙauyuka kusan 6,000. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ciwon a lokacin.

Da aka san inda ciwon ya ke, sai aka zaɓi mutum guda ko biyu a kowane ƙauye, 'yan garin, waɗanda kowa ya sani, aka koya musu aiki. Su ke raba ƙyallen tace ruwa gida gida, mai ƙananan idanu yadda ƙuma ba ta iya wucewa, a ɗaura a bakin randa a zuba ruwa ta kai. Makiyaya da matafiya aka ba su ɗan bututu mai rariya a gindi, su rataya a wuya, duk inda ƙishirwa ta kama su su zuƙa ta ciki. In ƙurji ya fito wa wani, sai a wanke a ɗaure, a hana shi shiga tafki, wani ya ɗebo masa ruwa. Waɗansu tafkunan an zuba musu maganin da ke kashe ƙuma ba ya cutar da mutum ko dabba, waɗansu garuruwan kuma aka haƙa musu rijiyar burtsatse. Kowane wata ɗan ƙauyen nan ya kan aika da lissafin waɗanda suka kamu, ko da ba ko ɗaya, don a san inda aka ci nasara da inda ya saura.

Ba ko'ina aka yarda nan da nan ba. Akwai waɗanda suka ce ruwan da kakanninsu suka sha ba zai cuce su ba. Dabarar da ta fi ci ita ce a tace ruwa a gabansu, a juye abin da ya rage a ƙyalle cikin kwalba, a ɗaga wajen haske, su ga ƙuman suna tsalle da idonsu. Sarakuna da dagatai sun taimaka, Janar Yakubu Gowon kuma, wanda ya taɓa mulkin Nijeriya, ya yi ta zaga ƙauyuka yana jan hankalin jama'a. A Sudan har tsagaita yaƙi aka yi a 1995 don ma'aikata su sami shiga garuruwa.

Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Nijeriya an same shi a Jihar Enugu cikin watan Nuwamba 2008. Aka ci gaba da sa ido, har da alkawarin kyautar kuɗi ga duk wanda ya nuna mai ciwon, ba a samu ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Gana kuma a 2015.

Sai dai bincike bai ƙare ba. A 2012 aka lura kurkunu yana fitowa a ƙafafun karnuka a ƙasar Cadi, a garuruwan masunta na bakin kogin Shari. Masana suka koma aiki, suka yi zaton karnukan na ɗauka ne daga ruwa, da kuma kayan cikin kifi da kwaɗi da su ke ci ɗanye. Saboda haka aka roƙi masunta su riƙa binne kayan cikin kifi, su kuma ɗaure karnukansu kada su shiga ruwa. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu da kurkunu a duniya duka, 9 daga cikinsu a Cadi.