Ƙiyasin lokacin kallo a na'urar hangen nesa ta James Webb

Ƙiyasin lokacin kallo shi ne lissafin da masana ilimin taurari ke yi don sanin yawan sa'o'in da bincikensu zai ci kafin su nemi izinin amfani da na'urar hangen nesa ta sararin samaniya. Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou, tana nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 1.5. Cibiyar STScI da ke Baltimore a Amurka ce ke raba lokacinta.

Dalilin lissafin

Masu nema sun fi lokacin yawa. A zagayen farko an gabatar da buƙatu sama da 1,100, aka amince da 286 kacal, aka raba musu kimanin sa'o'i 6,000. Wanda ya nemi ƙasa da abin da yake buƙata zai samu hoton da ba zai amsa tambayarsa ba. Wanda kuma ya nemi fiye da kima, kwamitin tantancewa na iya ƙin buƙatarsa.

Lokacin tara haske

Kashi na farko shi ne lokacin da kyamara ke tara hasken tauraro ko damin taurari. Idan abin da ake kallo ya dushe, dole a daɗe ana tarawa. Ingancin hoto ba ya ƙaruwa daidai da lokaci: don a ninka shi sau biyu, galibi sai an ninka lokacin sau huɗu. Hoton farko mai zurfi da aka fitar ranar 11 ga Yuli 2022, na yankin SMACS 0723, ya ci sa'o'i 12.5. Masu bincike na amfani da manhajar ETC wajen wannan lissafi, inda suke shigar da ƙarfin hasken abin da kuma kayan aikin da suka zaɓa, kamar NIRCam, NIRSpec, NIRISS ko MIRI.

Lokacin shiri

Kashi na biyu shi ne lokacin da ake kashewa ba tare da an tara haske ba. Ya haɗa da juya na'urar zuwa sabon wuri, da kama tauraron da za ta riƙe don kada ta karkace, da sauya matattarar haske, da karanta bayanan kyamara. Ana ƙirga kimanin rabin sa'a a kan kowane babban juyi. Saboda haka, mai son tara haske na minti 10 kawai zai ga cewa shirin ya fi kallon cin lokaci. Manhajar APT ce ke haɗa waɗannan duka ta fitar da jimillar da za a nema. Don rage asara, akan jera abubuwan da ke kusa da juna a sama a kalle su a juyi guda.

Bambanci da Hubble

Hubble, wadda aka harba a 1990, tana kewaya duniya cikin kimanin minti 95, kuma duniya kan tare mata gani a wani ɓangare na kewayen. Shi ya sa ake raba lokacinta da adadin kewaye, na James Webb kuwa da sa'o'i.