Daga Majigin Auduga Zuwa Binciken Kodin: Yadda Shirye-shiryen Bin Diddigi Ke Taɓa Kasuwa

A ranar 30 ga watan Afrilu, 2018, sashen binciken Afirka na gidan BBC ya nuna wani shiri a kan yadda ake sayar wa matasa maganin tari mai ɗauke da kodin ta bayan fage a Nijeriya. Kashegari Ministan Lafiya na wancan lokaci, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana sarrafa irin wannan magani da kuma shigo da shi ƙasar. Bayan kimanin mako guda Hukumar NAFDAC ta rufe masana'antun magunguna uku na ɗan lokaci. Ma'aikatar Lafiya ta bayyana cewa dama akwai kwamitin da ya daɗe yana nazarin al'amarin, to amma dillalan magunguna sun ga abin da ya faru: hajar da ke kan kanta jiya ta zama haramtacciya yau.

Wannan ya nuna irin nauyin da shirye-shiryen bin diddigi, waɗanda ma'aikatan watsa labarai ke kira dokumantari, suka samu a harkokin tattalin arziki. Su ne shirye-shiryen rediyo ko talabijin da ke ɗaukar batu guda na zahiri, su je inda abin yake, su ji ta bakin waɗanda ya shafa, sannan su tsara shi a cikin rabin sa'a ko sa'a guda. Batutuwansu sun faɗaɗa ƙwarai, tun daga noma da kiwon lafiya har zuwa tarihi, muhalli, tsaro da almundahana. Sai dai tarihinsu a Nijeriya ya nuna cewa faɗinsu ya dogara ne ga wanda ke biyan kuɗin aikin.

Tun farkon fari gwamnati ce ke biya. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai a 1939, kuma motocin majigi sun riƙa shiga garuruwa suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, mai fassara yana bayani da harshen mutanen wurin. Batutuwan ba su wuce abin da hukuma ke so ba: tsabta, rigakafi, biyan haraji, ajiyar kuɗi a gidan waya da noman kayan da ake fitarwa waje. A shekarun 1950 fim ɗin Baban Larai ya zagaya Arewa yana koyar da noman auduga, a daidai lokacin da auduga da gyaɗa ke riƙe da baitulmalin Jihar Arewa. Wani fim ɗin kuma, Daybreak in Udi, da aka ɗauka kusa da Enugu a kan gina ɗakin haihuwa ta hanyar aikin gayya, ya ci lambar Oscar a 1950.

Buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, da na Kaduna a 1962, da kuma haɗe gidajen a ƙarƙashin Hukumar NTA a 1977, bai sauya wannan tsari sosai ba. Lokacin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980, rediyo da talabijin sun cika da bayanin takin zamani da ingantaccen iri. Amma kuɗin man fetur ya ba NTA damar shiga manyan ayyuka da gidajen ƙetare. A 1984 marigayiya Onyeka Onwenu ta gabatar da wani shiri na haɗin gwiwar BBC da NTA a kan yadda aka yi almubazzaranci da arzikin ƙasa da kuma ɓarnar da haƙar mai ta yi a yankin Neja Delta. A 1986 aka nuna shirin Farfesa Ali Mazrui mai kashi tara a kan gādo uku na Afirka, wato na gargajiya, na Musulunci da na Turai, wanda NTA ta sa hannu a ciki.

Daga nan sai al'amura suka juya. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, dokar soja mai lamba 25 ta 1988 ta umarci gidajen watsa labarai na Gwamnatin Tarayya su riƙa nemo wani kaso na kuɗin gudanar da kansu. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 kuma ta kafa Hukumar NBC, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Rediyon Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, talabijin na AIT ya biyo baya a 1996, a Kano kuwa Rediyon Freedom ya soma a 2003. Gidaje sun yawaita, amma kowane minti ya zama haja mai farashi.

A nan ne shirin bin diddigi ya gamu da cikas, domin shi aiki ne mai cin kuɗi. Yana buƙatar mota da mai, masauki, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti da makonni na tacewa, alhali kuwa a zaunar da baƙi biyu a ɗakin watsa shiri ba ya cin komai in an kwatanta. Masu talla kuma sun fi karkata ga wasan kwaikwayo, ƙwallon ƙafa da kiɗa. Saboda haka mafi yawan abin da ake nunawa da sunan dokumantari ya kasu gida biyu: na gwamnatocin jihohi masu nuna hanyoyi da asibitocin da aka gina, da na ƙungiyoyin agaji masu magana a kan shan-inna, zazzaɓin cizon sauro ko karatun 'ya'ya mata. Kowa ya biya allo, ya sa a rubuta masa abin da yake so.

Bincike mai zafi kuwa yawanci daga gidajen ƙetare yake zuwa, kuma yakan jawo ce-ce-ku-ce. A 2010 BBC ta nuna shiri mai kashi uku a kan Legas, inda ta bi masu tsintar bola a jujin Olusosun da mazauna Makoko. Gwamnatin Tarayya ta yi ƙorafi, Farfesa Wole Soyinka ma ya soki shirin, duk da cewa ya nuna yadda dubban mutane ke juya shara ta zama jari. A watan Agusta na 2022 Hukumar NBC ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanoni uku masu rarraba tashoshi Naira miliyan 5 kowannensu, saboda shirye-shirye a kan 'yan bindigar daji. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke tarar a watan Janairu na 2024, amma duk mai gidan talabijin ya fahimci cewa ban da kuɗin aiki akwai kuma kasadar hukunci.

Fagen da ya fi shafar 'yan kasuwa shi ne har yanzu bai samu kulawar da ta dace ba. Tafiyar kwandon tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, da yawan shingayen da direba ke tsayawa da abin da ke ruɓewa a hanya, ta isa shirin sa'a guda. Haka nan fataucin goro daga Shagamu zuwa Arewa, da safarar shanu daga Potiskum zuwa Kudu, da masu ɗinkin takalma na Ariyariya a Aba, da tsarin koyon kasuwanci na Nnewi da Onitsha, inda maigida ke sallamar yaronsa da jari bayan shekaru na hidima. Irin waɗannan shirye-shirye za su iya nuna wa banki inda ya kamata ya ba da rance, su kuma nuna wa hukuma inda kuɗin kaya ke hauhawa tun kafin su isa hannun mai saye.

Wayar hannu da intanet sun rage tsadar ɗaukar hoto da watsa shi, ta yadda ƙungiyar 'yan kasuwa ko majalisar ciniki za ta iya ɗaukar nauyin shiri da kuɗin da bai kai na talla a babbar tasha ba. Sharaɗin kawai shi ne a bayyana sunan mai ɗaukar nauyi, a kuma bar ɗan jarida ya faɗi abin da ya gani, domin da zarar masu kallo sun gane talla ce aka yi wa kwaskwarima, kuɗin ya tafi a banza. Ga mai masana'anta kuwa, darasin shekarar 2018 yana nan: ya san hannun da hajarsa ke bi bayan ta bar sito, tun kafin mai kyamara ya riga shi sani.