Filastar Bayan Cinya: Me Take Riƙewa?

A watan Yunin 2012, a birnin Warsaw, Mario Balotelli ya zura wa Jamus ƙwallo ta biyu, ya tuɓe riga, sai ga shuɗiyar filasta zane-zane a gadon bayansa. Abin ba sabo ba ne. Wani mai gyaran ƙashin baya ɗan Japan, Kenzo Kase, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, kuma ta yi kasuwa tun gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Yau da wuya ka kalli wasa ba ka hango ta tana leƙowa daga ƙasan gajeren wandon wani ba, galibi a bayan cinya.

Tsokoki uku ne a wurin. Suna tasowa daga ƙashin mazaunai, su sauko har ƙasan gwiwa. Lokacin da suka fi tsagewa shi ne idan mai gudu ya wurga ƙafa gaba, kafin ta dira: tsokar tana miƙewa, kuma a daidai lokacin tana taka wa ƙafar birki. Abin da ya sami Usain Bolt ke nan a Landan a 2017, a tserensa na ƙarshe, tseren miƙa sanda. Ya karɓi sanda, ya fara sheƙawa, sai ya yi tsalle kamar wanda ya taka ƙaya, ya dinga ɗingishi har ya zube. Binciken da Jan Ekstrand ya jagoranta a kan manyan ƙungiyoyin Turai ya nuna wannan rauni ya tashi daga kashi 12 cikin 100 na raunukan 'yan ƙwallo zuwa 24 a cikin shekaru 21.

To, me filasta za ta iya a nan? A fata ake manna ta, tsagewar kuwa tana can ciki, ƙarƙashin fata da kitse. Ƙarfin da ke bi ta tsokar a lokacin gudu ya fi nauyin mutum sau da yawa, kuma babu ƙyallen da zai ɗauke wannan kaya. A idon sawu, inda ake ɗaure gaɓa da farar filasta mai tauri, akwai hujja, ko da yake ita ma tana saki idan gumi ya jiƙa ta. Amma cinya sai ta miƙe kafin a yi gudu.

Masu yabon filasta mai launin nan suna cewa tana ɗaga fata, ta rage kumburi, ta kuma sa mutum ya riƙa jin inda ƙafarsa take. Na ƙarshen nan ya fi kama hankali. Ɗan wasa kan ce zafi ya ragu, kuma ba ƙarya yake yi ba. Sai dai wasu masana a Brazil da suka tattara gwaje-gwaje a 2014 sun ga ba ta fi filastar bogi da aka manna babu ja ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne wannan sauƙin da ake ji: wanda ya daina jin zogi yakan koma fili da wuri, wannan rauni kuwa ɗan kome ne, kuma yawanci a makonnin farko yake dawowa.

Abin da ya nuna amfani a fili ba shi da launi. Carl Askling a Suwidin ya gwada atisayen da ke ƙarfafa tsoka tana a miƙe, 'yan wasansa suka koma fili a matsakaicin kwana 28, waɗanda ba su yi shi ba kuwa 51. Akwai kuma atisayen Nordic, wanda aka ga yana rage wannan rauni da kusan rabi. Ka durƙusa, abokinka ya danne maka idon sawu, ka riƙa kifawa gaba a hankali, kana ƙin faɗuwa, har sai cinya ta gaza ka tare ƙasa da tafukan hannu.