Idan yaronki ya ce a saya masa kayan fatsa

Ranar da ɗana mai shekara 11 ya ce zai bi abokansa kamun kifin kaf a wani tafki kusa da gidanmu a Ingila, ni har na fara lissafin miya. Ashe a nan kamawa ake yi, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa da ransa. Shi ya sa tafkuna da yawa ba sa yarda a fara sai da babbar koma da shimfiɗa mai laushi ta kwantar da kifin.

'Yar'uwa, kada mai shago ya ruɗe ki. Sanda mai ƙafa 12 ta manya ce, mai ƙafa 9 ko 10 ta ishi yaro. Abin ɗana wa kifi kuwa, masarar gwangwani ta kicin ma tana yi. Yaron da bai kai 13 ba babu ruwansa da lasisi. Daga 13 zuwa 16 kyauta ne, amma sai an yi rajista.

Inda na kafe shi ne ƙugiya: ki sayi marar ƙaya. Na ga yatsun da mai ƙaya ta shige, ba ta fita sai da allurar kashe zafi. Ki sa masa filasta a jaka, domin fitsarin ɓera a bakin ruwa yana ɗauke da cutar da ke shiga ta rauni. Idan zazzaɓi ya rufe shi a makonnin da suka biyo baya, ki gaya wa likita cewa ya je tafki. Nawa dai har yau ba ya zuwa sai da babansa.