Dutsen Kwatarkwashi da Baƙin Ƙetare

Ya ku malamai da fatake, ku sani a shekara ta 2024 UNESCO ta shigar da hawan sallar Kano cikin gadon al'adun duniya. Dama Turawa sun daɗe suna zuwa kallonsa, marina da dukawa suna samun ciniki.

To, mu fa? Ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙasarmu ta Bungudu, bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe. Ga 'Yandoto, garin malamai tun gabanin jihadin 1804, wanda yaranmu ma ba su san labarinsa ba, balle baƙo.

Amma fa baƙo ba zai bi hanyar da falke ke tsoron bi da la'asar saboda 'yan bindiga ba. Sai hukuma ta fara tsare hanya, malamai kuwa su fito da takardun kakanninsu a rubuta tarihin wuraren nan.