Awon Da'ira Da Zobe Da Siffar Gwangwani

Yawancinmu idan mun fita daga nan, ƙauyuka za a tura mu koyarwa. A can kuwa malamin makaranta shi ne wanda a kan nufa da kowace tambaya ta lissafi. Ran da dagaci ya ce maka, "Malam, kankare nawa rijiyar nan za ta ci?" in ka yi kuskure, ko dai aiki ya tsaya a tsaka, ko kuwa kuɗin jama'a ya salwanta. Don haka na ga ya kyautu mu sake duban wannan babi tare.

Mu fara da sunaye. Layin da ya ratsa da'ira ta cibiyarta daga baki zuwa baki shi ne faɗinta. Daga cibiya zuwa baki rabin faɗi ke nan. Ɗauki faifai, ka zagaya bakinsa da zare, sa'an nan ka gwada zaren a kan faɗin. Za ka ga ya yi faɗin sau uku da 'yar saura. Gwada kwano, gwada bakin tulu, duk haka za ka samu. Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna adadin nan ya fi 3 da 10/71, bai kuwa kai 3 da 1/7 ba. Alkhawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, ya kawo 3 da 1/7 cikin littafinsa na aljabara. A 1761 Lambert ya tabbatar babu wani kason lissafi da zai yi daidai da shi cif. Amma ga aikin gini 22/7 ya wadatar.

To, yaya a kan sami filin da ke cikin da'ira? Yanka da'irar takarda yanka-yanka daga cibiya, kamar yadda mai talla ke yanka kabewa. Jera yankunan kai da gindi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abin da zai fito ya yi kusa da allo mai kusurwa huɗu, tsawonsa rabin kewayen da'irar, faɗinsa kuwa rabin faɗinta. Daga nan ƙa'idar ta fito: a riɓa rabin faɗi da kansa, a kuma riɓa da 22/7.

Alal misali, ɗakin kago mai faɗin ƙafa 14 daga ciki. Rabin faɗinsa 7, 7 sau 7 kuwa 49 ne, 49 sau 22/7 ya ba mu murabba'in ƙafa 154. Wannan shi ne filin da mata za su daɓe. A lura, da faɗin ɗakin ƙafa 28 ne, da filin ya zama 616, watau ninki huɗu, ko da ya ke faɗin sau biyu kaɗai ya ƙaru.

Yanzu a ce kaurin bangon ɗakin ƙafa 1 ne. Ƙasar da bangon ya hau siffar zobe gare ta, watau da'ira biyu masu cibiya ɗaya. Ta waje rabin faɗinta 8, ta ciki 7. Sai a riɓa kowanne da kansa tukuna, a ɗebe 49 daga 64, saura 15, a riɓa da 22/7, a sami murabba'in ƙafa 47 da 1/7. Nan ne yara su kan faɗi, har da wasu manya. Sai su yi gaggawa su ɗebe 7 daga 8, su riɓa 1 da kansa, su fito da 3 da 1/7. Ka tambaye su, bangon da ya kewaye ɗaki ƙafa 44 zai zauna a kan filin da bai kai tabarma ba? Da kansu za su gane.

Saura siffar gwangwani, irin ta rijiya da ganga da bututu. Tana da awo iri biyu. Na farko awon jikinta. Yanke gwangwani daga sama zuwa ƙasa ka shimfiɗe shi, sai ya zama allo, tsawonsa kewayen gwangwanin, faɗinsa tsayinsa. Ke nan in tsayin bangon ɗakinmu ƙafa 7 ne, yaɓen ciki 44 sau 7, murabba'in ƙafa 308, sai a fid da ƙofa. Na biyu abin da cikinta ke ci: filin gindi sau tsayi. Ma'auninsa akwati ne mai ƙafa 1 a tsawo da faɗi da zurfi.

Mu koma ga tambayar dagaci. Rijiya mai faɗin ƙafa 4 daga ciki, kaurin kankarenta inci 6, zurfinta ƙafa 28. Mai da inci ƙafa tun da fari: rabin faɗin ciki 2, na waje 2½. Ɗebe 4 daga 6¼, saura 2¼. Riɓa da 22/7, zoben ya tashi 7 da 1/14. Riɓa da zurfi, kankare akwati 198 ke nan. In kana so ka tabbata, ramin da aka haƙa duka akwati 550 ne, sararin da ya rage a ciki 352, bambancinsu kuwa 198. In da bazara ruwan ya tsaya a ƙafa 3½, akwati 44 ke nan. Kowane akwati ya kan ci misalin galan 6¼, watau lita 28 da ɗan ɗori, saboda haka ruwan galan 275 ne.

Shawarata ga wanda zai koyar da wannan ita ce kada ya fara da rubuta ƙa'ida a allo. Ya ba yara zare da faifai da almakashi, ya fita da su bakin rijiya su auna da hannunsu. Abin da hannu ya taɓa ya fi zama a ka. Ga kuma ɗan aiki ga 'yan ajin ƙarshe: in aka mai da kaurin kankaren rijiyar nan inci 3, shin rabin 198 za ta ci, ko ƙasa da haka? Wanda ya samo dalili ya kawo wa Edita.